Tsakar da Ake Kiwo a Akwati: Abin da Ke Ɗaure Mata Ciki a Ƙasa Irin ta Daura

Duk wanda ya san Daura ya san cewa da macijiya tarihin garin ya soma. Rijiyar Kusugu tana nan har yau a cikin gari, baƙi suna zuwa su leƙa, a ba su labarin macijiyar nan da ta hana jama'a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya tafi da guga cikin dare ya sare mata kai. Ko saboda wannan ne, ko saboda wani dalili dabam, in aka ɗebe gardawa masu yawo da macizai kasuwa-kasuwa, ba a san mutumin wannan ƙasa da ƙaunar abin da ke jan ciki ba. A cikin masu jan cikin ma tsaka ce koma-baya. Ƙadangare yakan sha ruwan kasko albarkacin kaza, damo ana yi masa kirari da sarkin haƙuri, amma tsaka da ta leƙo daga bayan fitila, abin da ke biyo baya takalmi ne ko tsintsiya.

Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai wata irin tsaka da ake saye da kuɗi, a ajiye ta cikin akwatin gilashi a falo, a raɗa mata suna, in kuma ta yi kwanaki ba ta yi kashi ba a ɗauke ta sai asibitin dabbobi. Ita ce tsaka mai zanen damisa, kuma tana cikin masu jan cikin da aka fi kiwo a gidajen waɗannan ƙasashe. Kiwonta bai zama al'ada a ƙasar Daura ba. Amma ɗalibi ko ma'aikacin da ke riƙe da waya a yau ba ya rasa cin karo da hotunanta, kuma abin da ido ya saba gani, wata rana hannu zai nema. Ban da wannan, tana da 'yar'uwa ta kusa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, sa'an nan yawancin abin da ke ɓata mata ciki shi ne ke ɓata cikin kunkuru da hawainiya da damon da yara ke kamawa su ajiye a gida.

Abin da likitocin dabbobi suka daɗe da ganewa shi ne, ciwon cikin wannan dabba galibi daga akwatin da aka ajiye ta yake tasowa. Abubuwa uku kuwa da suka fi yi mata illa su ne waɗanda ƙasar Daura ta fi wadata da su, watau sanyin hunturu, da yashi, da ƙwarin gona.

ASALINTA

Asalin tsaka mai zanen damisa daga busassun ƙasashen Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran ne. Wani Bature masanin dabbobi mai suna Edward Blyth, wanda ya yi aiki a birnin Kalkata, shi ne ya fara bayyana ta ga masana a cikin shekarar 1854, kuma sunan da suke kiran ta da shi shi ne Eublepharis macularius. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin taƙi guda ne, watau santimita 18 zuwa 28, nauyin babbarta kuma giram 50 zuwa 80. Jikinta rawaya ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Ta bambanta da tsaka irin ta bango ta hanya biyu da ido ke iya gani. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa, tana kuma rufewa in za ta yi barci. Sa'an nan ba ta da tafin nan mai manne wa bango, sai ƙananan farata, saboda haka a ƙasa take rayuwa, ba ta iya hawa gilashi. Da rana tana ɓuya a ƙarƙashin duwatsu, da magariba ta fito farautar ƙwari.

Wutsiyarta ita ce rumbunta. A nan take tara kitsen da za ta rayu da shi in abinci ya yanke, kuma mai kiwon da ya iya karanta wutsiya ya san rabin lafiyar dabbarsa. In kaurin wutsiyar ya yi kusa da kaurin wuya, to lafiya lau. In ta soma sirancewa, akwai magana.

'Yar'uwar tata ta Afirka, wadda masana ke kira Hemitheconyx caudicinctus, ana samun ta daga Senegal har zuwa arewacin Kamaru, har da arewacin Nijeriya. Launinta ƙasa-ƙasa ne da faffaɗan zane a gicciye, waɗansu kuma da farin layi a gadon baya. 'Yan kasuwa a Gana da Togo da Jamhuriyar Benin sun daɗe suna fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Abincinsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, sai dai ta Afirka ta fi buƙatar danshi. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka biyu.

CIKI BA YA AIKI SAI DA ƊUMI

Mutum da akuya da kaza, jikinsu ne ke samar wa kansa ɗumi, ko ana sanyi ko ana zafi. Tsaka ba ta da wannan baiwa. Ɗumin jikinta na aro ne, daga dutsen da rana ta gasa ko ƙasar da ta kwanta a kai. Abinci a cikinta kamar hatsi ne a tukunya, in aka janye wuta ba zai nuna ba. In ta ci gyare uku ta kwana a wuri mai sanyi, abincin zai zauna mata a ciki, ya soma ruɓa tun bai narke ba, ko dai ta amayar da shi ko ya daskare a hanji.

Don haka ne masu kiwo ke raba akwatin gida biyu. Ɓangare ɗaya ana so daɓensa ya kai digiri 31 zuwa 33 na ma'aunin Selshiyos, ɗayan kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 26, domin dabbar ta riƙa zaɓa da kanta. Da dare ba a so akwatin ya sauka ƙasa da kamar digiri 18. Akan kuma ajiye mata maɓoya a kowane ɓangare, ko da fasasshen kasko ne aka kife, da wata maɓoyar ta uku mai jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki saboda lokacin saɓa.

To, a duba wannan lissafi da yanayin Daura. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke sauka daga hamada ta kan iyakar Kongolam, sanyin asuba yakan yi ƙasa da digiri 15, kuma ɗakin siminti mai rufin kwano ba ya riƙe ɗumi. A ƙasashen Turai akan shimfiɗa wani faifai mai ɗumama da lantarki a ƙarƙashin sulusin akwatin, tare da na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai ƙa'ida. Wannan dabara tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, kuma mai karatu ya fi kowa sanin halin wuta. Abin da ya rage wa mai kiwo a nan shi ne ya ɗaga akwatin daga ƙasa, ya kai shi ɗaki na ciki, ya jingina kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a jikin ɓangare ɗaya, ya sauya ruwan kafin asuba, ya lulluɓe akwatin da bargo amma ya bar hanyar iska. Kaskon garwashi da ake jin ɗumi da shi a gidaje bai dace ba, domin iskar gawayin da ke sa babban mutum ciwon kai a rufaffen ɗaki ta fi ƙarfin huhun dabba mai giram 60.

In kuwa ɗumin bai samu ba, sai a rage ciyarwa. Tsakar da ta kwana cikin sanyi da ciki wayam ta fi wadda ta kwana da cikakken ciki zama lafiya. A can ƙasarta ta asali ma takan lafe a rami lokacin sanyi ta daina ci, kuma babba mai kaurin wutsiya takan yi mako biyu ko fiye ba ta ci ba, ba abin da ya same ta. Wannan rangwame bai shafi ƙanana masu tasowa ba, su dole ne a nemo musu ɗumi a ci gaba da ciyar da su.

Da bazara kuma labari ya juya. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Daura yakan haura digiri 40, kuma akwatin gilashin da rana ta faɗa a kansa ta taga yakan zama tanda cikin ɗan lokaci. Matsalar wannan lokaci ƙishirwa ce, domin dabbar da ruwan jikinta ya ragu kashinta yakan bushe ya ƙi fita. A nan tsohon ɗakin ƙasa ya fi ginin zamani, kuma gefen randa ya fi ko'ina a gidan. Kada ƙaramin mazubin ruwa ya rabu da akwatin, a kuma sabunta shi kullum. Abu na farko da ya kamata mai kiwo ya saya, tun kafin ya sayi dabbar, shi ne ma'aunin zafi, domin tafin hannu ba ya bambance digiri 26 da 32.

YASHI

Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne na yashi, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mutum ya ji an ce dabbar hamada ce, ga shi kuma a ƙasar jigawa, inda daga Sandamu zuwa Zango zuwa Baure rairayi ba abin saye ba ne, sai ya cika tasa ya juye mata a akwati yana ganin ya mayar da ita gida. Alhali kuwa a ƙasarta ta asali kan taurarriyar ƙasa mai tsakuwa da duwatsu take zama, ba ta zaman tudun rairayi.

Duk lokacin da ta kai wa gyare cafka a kan yashi, da ɗan yashin take haɗiyewa. In kuma jikinta yana ƙarancin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, takan riƙa lasar ƙasa da gangan, kamar yadda dabbobin gida ke lasar bango in sun rasa gishiri. Lafiyayya mai isasshen ɗumi da ruwa takan fitar da ɗan abin da ta haɗiya. Wadda sanyi da ƙishirwa suka riga suka kwantar wa hanji kuwa, yashin yakan taru, ya haɗu da taurin ɓawon ƙwari, ya toshe hanya gaba ɗaya.

Wanda zai gane wannan da wuri sai mai duba kashi, kuma dabbar ta sauƙaƙa aikin, domin kusurwa ɗaya take zaɓa ta mayar da ita makewayi. Kashin lafiya kashi biyu ne, dunƙule mai duhu da wani farin abu kamar alli a jikinsa, wannan farin shi ne fitsarinta. Ƙarama takan yi kusan kullum, babba kuwa sau biyu ko uku a mako, gwargwadon cinta. In aka ga tana ci amma an yi mako guda kusurwar tana tsaf, sai a soma lura. Alamun da ke biyo baya su ne ƙin abinci, da kasala, da kumburin ciki mai tauri. Fatar cikinta ba ta da kauri, saboda haka in aka ɗora ta a kan faranti na gilashi aka leƙa ta ƙasa, wani lokaci akan ga duhu a inda abin ya taru. In abin ya yi nisa takan soma jan ƙafafun baya.

Akwai abin da ke kama da wannan amma ba shi ba ne. Mace takan ɗauki ƙwai biyu-biyu ko da ba ta haɗu da namiji ba, kuma a lokacin takan ƙi abinci, cikinta ya yi fam. Ƙwan akan hango su ta fatar ciki, farare ne masu ɗan tsawo, ɗaya a kowane gefe. Irin wannan ba a matsa mata ciki. Abin da take buƙata shi ne ɗan akwati mai danshin ƙasa inda za ta tona ta saka, in kuma ta kasa sakawa ta soma galabaita, aikin ya koma na likita.

In an tabbata maƙarƙashiya ce kuma ba ta yi nisa ba, matakin farko shi ne a kwashe yashin kaf, a shimfiɗa tayil ko takarda. Tsohuwar jarida ta isa, har da wadda ke hannun mai karatu in ya gama da ita. A gyara ɗumi, a dakatar da abinci. Sa'an nan a zuba ruwa mai ɗumin kamar digiri 30 a roba, zurfinsa kada ya wuce kafaɗarta, a tsoma ta na minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a yini, mai ita yana zaune yana kallo. Tana cikin ruwan a riƙa shafa cikin da ɗan yatsa a hankali, daga ƙirji zuwa gindin wutsiya, shafa ba matsa ba. Akan ɗiga mata ruwa a kan hanci ta lasa. Waɗansu masu kiwo sukan ɗiga ɗigo ɗaya na man zaitun a gefen baki, amma ba a buɗe bakin da ƙarfi a ɗura, domin man da ya kauce ya shiga huhu ya fi maƙarƙashiyar haɗari. Kada kuma a riƙe ta ta wutsiya, domin in ta firgita takan yar da ita, ta yi asarar rumbunta a daidai lokacin da ba ta ci.

In aka yi kwana biyu ko uku ba a ga kashi ba, dabarun gida sun ƙare. In kuwa tana amai, ko wani jan nama ya leƙo ta duburarta, ba a jira ko kwana ɗaya. A rufe naman da tsabtataccen ƙyalle mai danshi don kada ya bushe, kada a yi ƙoƙarin tura shi ciki, a nufi likita.

Wajibi ne a faɗi abin da ba a yi, domin kowane gida yana da maganin taurin ciki a ajiye. Filasko da kanwa da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kantin magani duk an auna su ne da jikin ɗan Adam. Mutum mai kilo 60 ya ninka wannan dabba sau dubu, saboda haka abin da ake gani ɗan kaɗan a bakin cokali, a wurinta kisa ne.

ABINCI

Tsaka mai zanen damisa ƙwari kaɗai take ci, kuma masu rai, domin motsi ne ke jawo hankalinta. Ba ta cin tuwo, ba ta cin ganye ko 'ya'yan itace, ba ta shan madara, kuma hanjinta gajere ne, ba a yi shi don narkar da tsiro ba. Ƙarama ana ba ta kullum, babba bayan kwana biyu ko uku, da yamma lokacin da take farkawa. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi wajen girman abinci ita ce kada ƙwaron ya fi faɗin tsakanin idanunta biyu. Wanda ya jefa wa ƙaramar tsaka babe don ya ga yadda za ta yi da shi, ya shuka toshewar hanji da hannunsa.

Ta fuskar ƙwari ƙasar Daura ba ta da talauci. Ga gyare da damina, ga shinge bayan ruwan farko, ga fara da kaka har ana sayarwa a kwano. Sai dai wadatar tana da tarko. Farar kasuwa an soya ta da mai da gishiri da yaji, ta mutane ce. Ɗanyar fara daga gona kuwa, babu mai tabbatar da cewa ba daga gonar waken da aka yi wa feshi jiya ta taso ba, kuma maganin da bai gama kashe fara ba yana iya kashe wadda ta ci farar. Haka kyankyason da aka kama a ɗakin da ake fesa maganin sauro ko a bakin masai. Ƙwarin daji kuma sukan ɗauko tsutsar ciki. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare ba a ba da shi sam, domin an tabbatar a Amurka cewa irinsa guda ɗaya yana kashe ƙadangaren da ake kiwo.

Mafita ita ce mai kiwon tsaka ya zama mai kiwon gyare. Babban bokiti mai murfin raga, da kwalin ƙwai don su ɓuya, da dusa, da yankan karas don danshi, da ƙaramin gwangwani mai jiƙaƙƙiyar ƙasa inda za su saka ƙwai, sun isa a fara. Tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kifi da kaji suka soma kiwo a Nijeriya ita ma abinci ce mai kyau, tana da laushi kuma tana da kalsiyam. In za a ba da fara, a zaɓi ƙanana, a cire musu ƙafafun baya masu ƙaya.

Ƙwaro kuwa bai wuce abin da ke cikinsa ba. Saboda haka akan ƙosar da gyaren da ganyen zogale da karas da dusa na kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa shi, sa'an nan a barbaɗe shi da garin kalsiyam, lokaci-lokaci kuma da mai haɗe da bitamin D3 da bitamin A. Inda garin kanti bai samu ba, ɓawon ƙwai da aka tafasa aka shanya aka niƙe lilis yana tsare gaba ta fuskar kalsiyam, ko da yake ba ya ɗauke da bitamin. Ƙarancin kalsiyam yana lanƙwasa ƙafafu, yana tausasa muƙamuƙi, yana kuma raunana motsin hanji, watau yana komawa ga maƙarƙashiyar da aka faro da ita. Gyaren da ba ta ci ba kada a bar shi ya kwana a akwati, domin yakan ciji dabbar tana barci, yakan kuma ci kashinta ya mayar mata da ƙwayayen tsutsa in ta cinye shi gobe.

ZAWO DA RAMA

Ɗaya fuskar ciwon cikin ita ce zawo. Kashi ya zama ruwa-ruwa mai wari, wani lokaci da ƙwaro a ciki bai narke ba, dabbar tana ci amma tana ramewa. Sau da yawa tsutsar ciki ce ko waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma waɗanda aka kamo daga daji sun fi zuwa da su. Yawancinsu suna jin magani in an gano su.

Wadda masu kiwo suka fi tsoro ita ce ƙwayar cutar da ake kira Cryptosporidium. Tana kama bangon hanji ta hana shi tsotsar abinci, sai dabbar ta riƙa amai da zawo, wutsiyar nan mai kauri ta tsotse ta koma kamar tsinke. Maganin da likitoci ke bayarwa yana rage ƙarfinta, ba ya kawar da ita, kuma ƙwayayenta ba sa mutuwa da ruwan wanke ɗaki da aka saba amfani da shi. Wadda ta kamu sai a ware ta da akwatinta da kwanonta har iyakar rayuwarta. Wannan ne dalilin da ya sa ba a haɗa sabuwar dabba da tsohuwa sai an ware ta wata biyu ko uku ana lura da kashinta. Wanda ya ga siririyar wutsiya a hannun mai sayarwa, ko da an karya masa farashi, ya tuna cewa araha ba ta ado.

INA LIKITAN?

Aikin likitan dabbobi a masarautar Daura aikin shanu ne da tumaki da awaki da dawaki da kaji, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ya san dalili. Mutumin da ya shiga asibitin dabbobi da tsaka a kwali lalle zai sha kallo. Duk da haka gwajin da ya fi muhimmanci mai sauƙi ne, watau a kai sabon kashi a duba shi a madubin likita, aikin da ake yi wa tumaki kullum. Ɗaukar hoton ciki don ganin inda yashi ko ƙwai ya tsaya, da tiyata in ta kama, sun fi samuwa a asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mai zuwa ya tafi da bayanin ranar da ta yi kashi na ƙarshe, da abin da ta ci, da zafin akwatin, da nauyinta in yana da sikeli.

Abin da ya fi haɗari shi ne a je wurin mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa a ce ya taimaka. Allurar tsutsa ta Ivermectin, wadda makiyaya suka sani ƙwarai, tana kashe kunkuru, kuma waɗansu ƙadangaru ma ba sa jure ta. Masu kunkuru a tsakar gida su riƙe wannan, su kuma riƙe cewa kunkurun Sahel ciyawa ce abincinsa, ragowar tuwo da shinkafa suna lalata masa ciki ko da yana ci da marmari. Sa mai kilo 300 ya ninka tsaka sau dubu biyar, kuma babu sirinjin shanun da zai auna rabonta.

LAFIYAR MUTANEN GIDA

An daɗe ana cewa tsaka tana da dafi, in ta faɗa a abinci ko ta lashi ƙwarya tana sa kuturta. Binciken likita bai gaskata wannan ba. Tsaka ba ta da dafi, kuturta kuwa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a shekarar 1873. Amma iyayen da ke rufe abinci saboda tsaka ba su yi kuskure ba. Hanjin masu jan ciki yakan ɗauki ƙwayar Salmonella ba tare da ta dame su ba, ita kuwa tana sa mutum zazzaɓi da gudawa, kuma takan yi tsanani ga jarirai da tsofaffi. Saboda yawan yaran da ke kamuwa ne hukumomin Amurka suka hana sayar da ƙananan kififfiya a shekarar 1975, kuma shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ita ce kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi. Mai jinyar tsaka mai zawo ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa ta, kada ya wanke robarta a inda ake wanke kwanonin abinci, kada kuma ya zubar da ruwan a kusa da randa ko bakin rijiya.

Akwai kuma fuskar addini, wadda a gari irin Daura ba za a tsallake ta ba. Hadisai sun zo cikin Buhari da Muslim game da kashe tsaka, kuma yara sun tashi da saninsu. Wanda ke tunanin ajiye irin wannan dabba ya kamata ya fara da tambayar malaminsa da kuma mutanen gidan da zai ajiye ta, domin abin da ke burge ɗalibi a waya yana iya hana mahaifiyarsa shiga ɗakinsa. Waɗannan littattafai kuma su ne suka kawo labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

A hannun mai kula, tsaka mai zanen damisa takan rayu shekara 15 zuwa 20. Ɗalibin da ya saye ta a shekararsa ta farko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura zai gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya kama aiki, ya yi aure, tana nan tana jiran gyarenta na yamma. Ba a sakin ta a daji in an gaji, domin baƙuwa ce a wannan ƙasa, kuma tana iya kai wa 'yan ƙasa cutar da ta zo da ita. Kowane hutu sai ya sami wanda zai sauya mata ruwa, kowane hunturu kuma sai ya tashi kafin asuba ya ɗumama kwalba.